Yadda zaka haɗa ƙaramin jirgin shawagi da fom ɗin take-away, da dabarun Jamusawan da aka manta da su

Jama'a Assalamu alaikum. Duk wanda ya taso yana haɗa motar kara da totuwa yana yaro, toh wannan aikin ba zai masa wuya ba, hannun ɗaya ne, kawai wannan karon abin da zaka haɗa sama zai yi ba ƙasa ba. Jirgin shawagi nake nufi, wato jirgin da babu inji a jikinsa ko kaɗan, iska ce kawai take riƙe shi. Kuma na fi so mu haɗa shi a kan tsarin wani jirgi na gaske mai suna Vampyr da aka ƙera a garin Hannover na Jamus a 1921, domin kusan duk matakin da zaka bi akwai wani bawan Allah da ya fara warware matsalarsa, wani kafinta ne, wani malamin makaranta, wasu ma ɗalibai ne, kuma yau in ka ambaci sunansu ko a Jamus ɗin ba kowa zai gane ba. Ni dai abin yana min ciwo ace 'yan'uwan nan Wright, Amurkawan da suka fara tashi da jirgi mai inji, su kawai muka sani.

Kayan aiki ba su da yawa. Murfin fom ɗin take-away guda huɗu ko biyar masu tsafta, irin farin nan mara nauyi, tsinken tsire dogaye guda uku, sillen kara busasshe miƙaƙƙe mai tsawon santimita 35, sabuwar reza, rula, salatif, kyauro, sanfefa mai laushi, farin gam na kafintoci, sai ɗan cingam ko laka da ƙananan ƙusoshi na nauyin hanci. Kar ka kusantar da supa gulu kusa da fom ɗin nan, cinye shi yake yi nan take ya bar maka rami. Farin gam yana da jinkirin bushewa amma shi ne lafiya.

Kafin reza ta taɓa fom bari in faɗa maka me yasa Vampyr. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus mallakar jiragen yaƙi, ta kuma ɗaure musu hannu a kan ƙera masu inji na wani lokaci, sai wani mai mujallar harkar jirage, Oskar Ursinus, ya ce toh ai ba a hana mu iska ba, ya kira gasa a kan dutsen Wasserkuppe a 1920, dutse mai tsayin mita 950 a yankin Rhön, kansa fili ne fetal sai ciyawa. Dama tun kafin yaƙi wasu 'yan makaranta daga Darmstadt sun gano wurin, a 1912 ɗaya daga cikinsu Hans Gutermuth ya yi mita 838 cikin daƙiƙa 112 da jirgin da suka haɗa da hannunsu. Jiragen farko da aka kawo gasar yawancinsu wayoyi ne da sanduna ta ko'ina kamar shanya, iska tana ta karo da su. Sai Georg Madelung ya zana Vampyr, ɗalibai irin su Arthur Martens da Fritz Hentzen da Walter Blume suka yi aikin tare da shi, kamfanin da yake ƙera taragon jirgin ƙasa a Hannover ya haɗa musu. Fiffike dogo siriri mita 12.6 daga wannan baki zuwa wancan, jiki sumul, a ƙasansa kuma maimakon taya ƙwallon ƙafa uku suka saka. A watan Agustan 1922 Martens ya yi sama da awa ɗaya a sama da shi, washegari Hentzen ya yi awa biyu, bayan 'yan kwanaki ya haura awa uku, ba inji ba komai. Har yau jirgin yana nan a hannun gidan tarihi na Deutsches Museum na Munich.

Mu zamu rage shi sau 20, kaga mita 12.6 ta koma santimita 63 kenan.

Fara da fiffike don shi ne jirgin, sauran duk rakiya ne. Yanka fom gida uku, na tsakiya tsawon santimita 23, na gefe biyu santimita 20 kowanne, faɗinsu duka santimita 6 da rabi. In kana so ka ɗan rage faɗin na gefen ya koma 5 a can baki, yana ƙara kyau kuma yana rage nauyi. Ka kwantar da rezar kana ja a hankali a jikin rula, sau biyu ko uku, kar ka danna lokaci ɗaya don fom ɗin zai yage ya yi gashi-gashi. Ka lura tsawon ya ninka faɗin kusan sau goma, haka na Vampyr yake, kuma wannan siranta ita ce rabin sirrinsa, domin a bakin fiffike iska take zillewa daga ƙasa ta koma sama tana murɗawa tana ja da jirgi baya, in fiffiken dogo ne siriri asarar nan sai ta ragu. Dubi fiffiken ungulu in ta buɗe, ka kwatanta da na kaza.

Yanzu lanƙwasa. Fiffike shimfiɗaɗɗe kamar faranti yana tashi amma ba da kyau ba, sai an ɗan yi masa doro. Wannan ilimin Otto Lilienthal ne da ƙanensa Gustav, wanda suka shafe shekaru suna kallon wata babbar tsuntsuwa dangin shamuwa, fara mai jan baki, irin wadda take barin Turai lokacin sanyi ta gangaro Afirka har yankunanmu, suna auna faranti iri-iri a iska, har Otto ya fitar da littafinsa a 1889. Kai dai ka ɗora fom ɗin a gefen tebur ka riƙa jansa kana dannawa da tafin hannu sannu a hankali har ya ɗauki lanƙwasa, in ka ajiye shi a tebur tsakiyar doron ta tashi kamar milimita 4 zuwa 5, kuma ƙololuwar doron ta fi kusa da gaba ba tsakiya cif ba. In ka ji fom ya yi ƙas toh ka yi garaje, ɗauko wani. Sannan ka goge bakin baya da sanfefa ya yi siriri, bakin gaba kuma ka ɗan zagaye shi kawai.

Nan akwai tarkon da yawancin masu farawa suke faɗawa, nima na faɗa. Fiffiken Vampyr na gaske mai kauri ne sosai, sai mutum ya ga hoto ya ce bari ya liƙa fom uku ya sassaƙa mai kauri irinsa. Nawa na farko haka na yi, kwana biyu ina gogewa, da na sake shi sai ya yi kamar an jefa bulo. Amsar tana wajen wani malamin makaranta, F. W. Schmitz, wanda ya zauna ya gwada fukafukan ƙananan jirage a ramin gwajin iska ya fitar da sakamakon a littafi a 1942. Abin da ya nuna shi ne in jirgi ƙarami ne kuma tafiyarsa a hankali ce, iska bata manne wa fiffike mai kauri, tana rabuwa da bayansa tun da wuri, amma siririn faranti mai ɗan doro yana aiki lafiya lau. Shi yasa fiffiken fara da na mazari sirara ne kamar takarda. Don haka siffar Vampyr zamu ɗauka daga sama, kaurin kuwa na Schmitz zamu bi.

Sai ƙarfafa shi, kuma a nan gizo yake saƙa. Dogon fiffike siriri ba karyewa ce babbar matsalarsa ba, murɗewa ce. Yi wannan gwajin da hannunka kafin ka ci gaba, ɗauko bututun kwali irin na cikin tishu ka kama bakinsa biyu ka murɗa, zaka ji ya ƙi. Toh tsaga shi da reza daga sama har ƙasa ka sake murɗawa, sai kaga ya bi hannunka kamar ganye. Kwalin ɗaya ne, nauyin ɗaya ne, bambancin kawai ɗaya a rufe yake ɗaya a buɗe. Dabarar da aka yi wa Vampyr kenan, ƙashin baya guda ɗaya a cikin fiffiken, sannan aka lulluɓe daga ƙashin zuwa bakin gaba da siririn filawud ya zama rufaffen bututu, shikenan aka huta da wayoyin nan. Bayan shi kusan duk jirgin shawagin katako haka aka riƙa yi masa. Mu a namu sai ka manna tsinken tsire a ƙarƙashin fiffiken tsakiya, santimita 2 daga bakin gaba, in ya bushe ka kawo salatif ka naɗo daga saman fiffike ya zagayo bakin gaba ya rufe tsinken a ƙasa ba tare da ka danna shi cikin lungun ba, ka bar ɗan kogo. Murɗa ka ji bambanci.

Haɗa gida ukun kuma, na tsakiya ya kwanta a tebur, na gefe kowanne ka ɗaga bakinsa santimita 4 ka tokare da kwalin ashana ko littafi, ka goge mahaɗar da sanfefa ta zauna daidai, gam, salatif sama da ƙasa, ka barshi ya kwana. Wannan ɗagawar ita take sa in jirgi ya karkata gefe ya dawo da kansa. Vampyr bai buƙaci sosai ba don akwai mutum a ciki yana gyarawa, naka ba kowa a ciki. Ka auna da rula, in ɗaya 4 ne ɗaya 3 zaka sha wahala a fili.

Wutsiya ba wani dogon zance. Shimfiɗaɗɗiya santimita 18 da 4 da rabi, ba doro, a manna ta a ƙarshen karan a kwance. Ta tsaye kuma santimita 6 da 5 a samanta, a tsaye cak. In kana son ya yi kama da na asalin sai ka yanka fom biyu ka manna a gefen karan daga hanci zuwa bayan fiffike su ba da siffar akwatin da matuƙi yake zama, har da ƙwallaye uku na totuwa a ƙasa, amma ka fara tashinsa tukunna kafin kwalliya.

Fiffiken kar ka manna shi da gam a jikin kara. Ka yi masa ɗan gado da fom, bakin gaba ya zauna santimita 9 daga hanci, ka saka 'yar tsiren fom mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a ƙarƙashin bakin gaban yadda zai ɗan ɗaga kai fiye da na baya, sannan ka ɗaure da kyauro biyu a gicciye. Ranar da ya daki bango, kuma zai daka, fiffiken zamewa zai yi maimakon ya karye.

Nauyin duka kar ya haura giram 30. In baka da ma'auni, takardar A4 ta fotokwafi guda ɗaya giram 5 ce, ka ninke guda shida ka ɗora a bakin rula, jirgin a ɗaya bakin, fensir a tsakiya. In jirgi ya rinjayi takarda ka nemi inda zaka rage, yawanci gam ne ya yi yawa.

Toh yanzu wurin da na fi so ka nutsu. Ɗora jirgin a kan yatsunka biyu a ƙarƙashin fiffike, daidai kan tsinken nan, santimita 2 daga gaba, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗin. Zaka ga wutsiya ta faɗi ƙasa. Riƙa cusa ƙusa a totuwar hancin kana ƙarawa da cingam har sai ya tsaya a kwance, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Wallahi jirgin da bai yi kyau ba amma nauyinsa ya zauna daidai zai tashi, wanda ya sha kwalliya nauyinsa yana baya kuma ba zai taɓa tashi ba. Lilienthal da jikinsa yake wannan daidaitawar, yana rataye a tsakiyar fukafukai na sandunan itace da yadin auduga yana wurga ƙafafunsa gaba ko gefe, ya yi tashi sama da 2000 a haka, har tudu ya sa aka tara masa mai tsayin mita 15 a Lichterfelde kusa da Balin. Ranar 9 ga Agustan 1896 jirgin ya ɗaga hanci ya tsaya a iska, nauyin jikinsa bai isa ya dawo da shi ba, ya faɗo, washegari ya rasu. Shekara 24 cif bayan haka, a rana irin ta faɗuwar, Eugen von Loessl ya mutu a gasar farko ta Wasserkuppe. Ina faɗin wannan ne saboda na san halin matasanmu da zuciya, wani zai ga ƙaramin ya tashi ya ce bari ya haɗa babba ya hau ya diro daga kan dutse. Don Allah kar ka yi, ɗan uwa. Ƙaramin ya ishe ka koyon komai.

Gwajin farko da sassafe ko dab da magariba lokacin da iska ta kwanta, a fili mai ciyawa ko yashi. Riƙe shi a ƙarƙashin fiffike daidai kafaɗarka, hanci ya kalli wani wuri a ƙasa kamar taku goma a gabanka, ka tura shi a hankali kamar kana miƙa wa wani kofi. Ba jifa ba, kuma ba sama ba. Sai ka zuba ido. In ya ɗaga hanci ya tsaya ya faɗo ya sake ɗagawa yana tafiya kamar raƙumi, nauyi ya yi baya, ƙara cingam a hanci. In ya nufi ƙasa kai tsaye da gudu, rage nauyin hanci ko ka ƙara milimita ɗaya a tsiren da yake ƙarƙashin fiffike. Abu ɗaya zaka canza a kowane gwaji, in ka taɓa biyu ba zaka san wanne ya yi aiki ba.

In kuma yana karkata gefe guda kullum, tsaya a gabansa ka rufe ido ɗaya ka hango fukafukan daga hanci, zaka tarar ɗaya ya murɗe. Hura masa numfashi mai ɗumi ka murɗa shi baya a hankali. Wannan murɗa fiffike don juya jirgi da ake cewa dabarar Wright ce, akwai wani Alois Wolfmüller daga Landsberg da yake gwada irinta tun zamanin Lilienthal, har wasiƙu suke yi wa juna a kai, ya ma sayi jirgi ɗaya a hannunsa. Mutumin nan shi ne na babur ɗin Hildebrand da Wolfmüller na 1894, babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, masu son babur sun san sunan amma basu san ya yi harkar sama ba.

Da ya fara tafiya miƙe sai ka auna. Kafaɗarka wajen mita ɗaya da rabi ce daga ƙasa, in ya sauka a mita 9 kaga duk mita ɗaya da ya sauko ya ci 6 a gaba kenan. Shida zuwa takwas ga jirgin fom abin a yaba ne. Vampyr 16 yake yi. Samu ɗan littafi kana rubuta abin da ka canza da nisan da ya yi, bayan sati zaka ga hannunka ya faɗa.

Harbi da roba kuma Wolfgang Klemperer ne ya kawo shi gasar 1920 da jirginsa baƙi da ɗaliban Aachen suka haɗa, wanda ya yi mita 1830 ya cinye gasar. Doguwar igiyar roba ake maƙalawa a hancin jirgi, mutane su kama bakinta biyu su ruga gangare wasu kuma suna riƙe da wutsiya, in ta miƙe sai a saki. Kai sai ka soka guntun tsinke a ƙasan karan santimita 4 daga hanci ya karkata baya, ka ɗaure da zare da gam, ka sarƙa kyauro biyar ko shida a jikin sanda. Ja kaɗan kawai, ba danƙon harbin tsuntsu bane, in ka cika ja fiffiken zai naɗe. Kuma kar ka saita fuskar kowa.

Abin da yafi daɗi shi ne ranar da ka samu tudu. Nemi gangare mai santsi da iska take busowa ta dake shi kai tsaye, ba mai ƙarfi ba, wadda zata kaɗa riga dai. Iskar in ta zo bata da hanya sai ta hau, in saurin hawanta ya kai saurin saukar jirginka toh ba zai sauko ba, zaka ganshi ya tsaya a gabanka yana lilo kamar shirwa. Ƙara masa ɗan nauyi a hanci kafin ka sake shi, ka tura shi cikin iskar hanci ƙasa-ƙasa. Da wannan iskar gangaren Hentzen ya yi awa ukunsa, da ita Friedrich Harth ya yi minti 21 a 1921 kafin ya faɗo ya ji mummunan rauni, shi Harth ɗin nan mai zanen gine-gine ne daga Bamberg, yaron da yake taya shi aiki kuwa shi ne Willy Messerschmitt da ya shahara daga baya a ƙera jiragen sama, sunan yaron ya cika duniya na maigidan ya ɓace.

Amma ni a cikinsu duka Ferdinand Schulz ne yake taɓa min zuciya. Malamin makarantar ƙauye ne daga Gabashin Prussia, wani yanki na Jamus a lokacin, ba kuɗi ba kamfani a bayansa, ya haɗa jirginsa da sanduna da abin da ya samu, ya kawo shi Wasserkuppe a 1922 alƙalan gasa suka duba suka ce wannan ba zai shiga ba bai da ƙwari, mutane suka laƙaba masa sunan sandar tsintsiya. Ya kwashi kayansa ya koma gida. A watan Mayun 1924 a kan tuddan yashi na Rossitten a bakin tekun Baltic ya hau wannan jirgin dai da aka raina, yana zaune a kan ɗan katako iska tana dukansa ta ko'ina, ya yi awa 8 da minti 42 a sama, ya kafa tarihin duniya. Tudun yashi fa, irin wanda 'yan uwanmu na Damagaram da Yusufari suke gani kullum.

In ya karye, fom baya wuyar gyara, haɗa bakin da farin gam, tsinke ɗaya a ƙasa, salatif a sama, ka barshi ya kwana. Gottlob Espenlaub ma kafinta ne kawai da ya hau dutsen nan ya ƙi sauka har lokacin sanyi yana haɗa jirage tare da Alexander Lippisch mai zanen jirage, daga baya a 1927 yana cikin waɗanda suka fara jan jirgin shawagi da igiya a bayan jirgi mai inji. Bayan kowane gyara dai ka sake ɗora shi a yatsu biyu ka duba nauyi kafin ka sake shi, don gam ɗin da ka ƙara a wutsiya ko kaɗan ne sai ya ja nauyin baya.